Olsar Cikin Littafi Da Likitan Da Ya Kwankwaɗi Cuta

Yau ƙorafi na zo da shi, kuma da mu duka nake, masu rubutun da masu karantawa.

Ban san adadin littattafan da na karanta ba waɗanda a cikinsu ake raba yarinya da wanda take so, ta shige ɗaki ta turo ƙofa, ta ƙi ci ta ƙi sha, bayan kwana uku sai a ji ta yanke jiki ta faɗi. A kwashe ta ranga-ranga sai asibiti. Can likita ya fito yana zare tabarau, ya kira Alhaji ofis, ya shaida masa cewa olsa ce ta kama 'yarsa saboda yunwa da yawan tunani, kuma in ba a ba ta abin da ranta ke so ba komai na iya faruwa. Shi ke nan jikin Alhaji ya yi sanyi, a fasa auren dole. Ni ma ba zan ɓoye ba, na sha jin daɗin irin wannan wuri, don a nan ne azzalumin uba ke saduda. To amma wannan likita na cikin littafi, ilimin da yake magana da shi ya fi shekara arba'in da rushewa, kuma mu ne muke ta raya shi a zukatan jama'a, littafi bayan littafi.

Abin da ya sa maganar ta tsaya mini a rai shi ne a gidanmu na ga ɓarnar da take yi. Yayata, wadda nake bi, ta yi shekara goma sha ɗaya tana fama da abin da kowa ke kira olsa. Ciwon ya soma ne bayan mijinta ya ƙara aure da kamar shekara guda, saboda haka ba a ma tsaya wani bincike ba, gida kaf aka yanke hukunci. Inna ta ce baƙin cikin gidan nan ne zai kashe mata 'ya. Yaya ta daina cin yaji, amma ta yi yaji har sau biyu. Ta bar tsami, ta bar soyayyen abu, ta bar ɗanwake da take mutuwar so. Kullum akwai kwalbar farin maganin nan mai kauri a jakarta, da daddare kuma sai ta dama madara ta ajiye a gefen gado saboda ciwon da ke tashinta wajen ƙarfe biyu. Watan azumi kuwa ba a magana, akwai shekarar da ta sha fiye da rabi, ta yi ta kuka tana cewa ita Allah Ya jarrabe ta. Duk tsawon shekarun nan Inna ba ta amsa gaisuwar amaryar da sakin fuska ko sau ɗaya ba.

Wata rana wani matashin likita ya saurare ta, ya ce ta ajiye maganin da take sha na mako biyu, sannan ta kawo bayan gida a gwada. Sakamako ya fito, ya ce akwai wata ƙwayar cuta a tumbinta. Ya rubuta mata haɗin magunguna na kwana goma sha huɗu, ya gargaɗe ta cewa bakinta zai yi ɗaci, kada ta kuskura ta tsaya a hanya. Ta shanye. Bayan wata guda da 'yan kwanaki aka sake gwaji, babu ƙwayar. Yau shekara shida ke nan ba ta sake sayen kwalbar nan ba. Ciwon shekara goma sha ɗaya, maganin mako biyu.

Wannan ne ya sa na shiga bin diddigin inda wannan ilimi ya fito, har na ci karo da sunan Barry Marshall.

Mutumin Ostireliya ne, an haife shi a 1951 a wani garin masu haƙar zinariya da ake kira Kalgoorlie. A zamanin da ya yi karatun likita, abin da ake koyarwa a duk duniya shi ne gyambon ciki daga yawan asid yake, asid ɗin kuma damuwa da irin abinci da halin mutum ke jawo shi. An kuma yi ittifaƙi cewa babu wata ƙwayar cuta da za ta iya rayuwa a tumbin ɗan'adam, saboda tsananin asid ɗin da ke ciki. Ba wai ba a taɓa ganin komai ba. Tun 1893 wani masani ɗan Italiya, Giulio Bizzozero, ya ga wasu ƙwayoyi masu lanƙwasa a tumbin karnuka. Amma a 1954 wani likitan Amurka mai suna Palmer ya duba naman tumbi sama da dubu ya ce bai ga komai ba, daga nan aka rufe babin. Akwai ma wani likita a wani ƙaramin gari a ƙasar Girka, John Lykoudis, wanda tun 1958 yake ba masu gyambo maganin kashe ƙwayoyin cuta suna samun sauƙi. Ladan da ya samu shi ne hukuma ta ci shi tara.

A 1979 wani likita a babban asibitin birnin Perth, Robin Warren, wanda aikinsa shi ne duba ɗan naman da aka gutsuro daga jikin majiyyaci a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya lura da wasu ƙwayoyi masu siffar murɗaɗɗen zare kwance a bangon tumbi, kuma duk inda ya gan su sai ya ga wurin ya kumbura. Ya yi ta nuna wa abokan aiki, ba wanda ya ɗauke shi da muhimmanci. Sai a 1981 aka haɗa shi da Marshall, wanda a lokacin ƙaramin likita ne mai neman ƙwarewa, ana neman aikin binciken da za a ba shi ya cika sharaɗi. Suka ɗauki majiyyata ɗari suka bi su ɗaya bayan ɗaya. A cikinsu mutum 13 ne ke da gyambo a bakin ƙaramin hanji, wato daidai inda abinci ke fita daga tumbi, kuma duka 13 ɗin an same su da ƙwayar.

Saura a raini ƙwayar a ɗakin gwaji, don sai an raine ta za a san ko wace ce. Sun gwada fiye da sau talatin abin ya ƙi. Ashe ma'aikatan ɗakin gwajin ne ke zubar da faranten bayan kwana biyu in ba su ga komai ya tsiro ba, kamar yadda aka saba da sauran ƙwayoyi. Sai hutun Ista na 1982 ya zo, aka bar wasu faranti suka yi wajen kwana biyar ba wanda ya waiwaye su. Da aka dawo aiki, ga ta nan ta tsiro. Wato ita mai nawa ce, ba ta son gaggawa. Da wani marubucinmu ne ya ƙaga wannan a littafi, da mun ce ya cika son kai labari inda yake so.

A 1983 Marshall ya aika da taƙaitaccen sakamakonsu ga taron ƙungiyar likitocin ciki ta Ostireliya. Takardu 67 aka aiko, aka karɓi 56, tasa tana cikin waɗanda aka mayar. A shekarar ne dai mujallar likitoci ta Lancet da ke Ingila ta buga wasiƙunsu guda biyu, a 1984 kuma ta buga cikakken rahoton. Manyan likitoci suka ce to, mun ji akwai ƙwaya, amma wa ya ce ita ke kawo ciwon? Wataƙila gyambon ne ya fara samuwa, ita kuma ta zo ta tarar da wuri ta zauna, kamar ƙuda a kan miki. Don a amsa wannan, dole a sa wa lafiyayyen jiki ƙwayar a ga ko zai kamu. Marshall ya gwada da aladu, bai yi nasara ba.

Sai ya yi abin da ya sa har yau ake ba da labarinsa. A 1984, yana ɗan shekara 32, ya sa aka zura masa tiyon nan mai fitila aka leƙa tumbinsa, aka tabbatar lafiya lau yake. Sannan ya ɗauko ƙwayar da aka raina daga cikin wani majiyyaci, ya kaɗa ta a ruwan romo ya kwankwaɗe. Bai nemi izinin kwamitin asibiti ba, ko matarsa bai gaya wa ba sai daga baya. Cikin kwanaki kaɗan ya fara amai da asuba, bakinsa ya soma wari har iyalinsa suka kasa jurewa. A rana ta goma aka sake leƙawa, aka tarar tumbin da yake garau ya kumbura, ga ƙwayoyin nan jingim. Ya sha magani, a 1985 ya buga abin da ya faru a mujallar likitocin ƙasarsu.

A nan ina so in ɗan ja birki, don masu ba da wannan labari sukan zuzuta shi fiye da kima. Marshall bai yi gyambo ba, kumburin tumbi ya yi, kuma gwaji a kan mutum ɗaya ba ya zama hujjar da za a canza maganin miliyoyin mutane a kanta. Abin da ya yi na jarumtaka ne, kuma ya ja hankalin duniya, amma aikin da ya fi nauyi shi ne wanda ba ya daɗin bayarwa a hira. A 1988 shi da abokan aikinsa suka buga sakamakon wani gwaji a kan mutum ɗari masu gyambon bakin hanji. Waɗanda ƙwayar ta ci gaba da zama a cikinsu, kashi 84 cikin ɗari gyambonsu ya dawo cikin shekara guda. Waɗanda aka kashe musu ita, kashi 21 ne kawai. Likitoci a wasu ƙasashe suka maimaita, suka samu abu mai kama da haka. Wannan ne ya karya gardama.

Wasu na cewa kamfanonin magani ne suka danne gaskiyar, don kuwa a lokacin magungunan rage asid irin su Tagamet da Zantac su ne kasuwa, har Zantac ya zama maganin da aka fi sayarwa a duniya a ƙarshen shekarun 1980. Dalili a fili yake: suna warkar da gyambon, amma da an daina sha sai ya dawo, mai ciwo ya zama kwastoma na har abada. Ban ce babu ƙamshin gaskiya a zargin ba, wanda ke cin riba ba ya gaggawar rushe rumfarsa. Amma a nawa ganin likitocin da suka ce sai an kawo hujja ba su yi laifi ba. Da duk wanda ya zo da sabon zance za a bi, da masu tallar magani a mota da lasifika sun gama da mu. An nemi hujja, ya kawo, aka sallama. A 1989 aka raɗa wa ƙwayar sunan da take amsawa yanzu, Helicobacter pylori. A 1994 cibiyar binciken lafiya ta gwamnatin Amurka ta ce duk mai gyambo da aka samu da ita a ba shi maganin kashe ta, kuma a shekarar ce hukumar binciken sankara da ke ƙarƙashin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a sahun farko na abubuwan da ke jawo sankara. A 2005 aka ba Marshall da Warren lambar yabo ta Nobel. Warren ya rasu a 2024.

Abin da ya fi burge ni a lamarin shi ne yadda ƙwayar ke zama a inda aka ce ba a zama, da yadda jikinmu da kansa ke taya ta ɓarna. Bangon tumbi yana da wani yauƙi mai kauri da Allah Ya shimfiɗa masa don kada asid ya ci shi. Ita ƙwayar, da siffarta ta murɗe da 'yan wutsiyoyinta, sai ta huda ta shige ƙarƙashin yauƙin nan ta lafe. Tana kuma fitar da wani sinadari da ke samar da amoniya a kewayenta, wanda ke kashe kaifin asid, kamar dai yadda kanwa ke kashe tsami. Garkuwar jiki tana ganinta sarai, tana turo mata mayaƙa, amma ba sa iya kawar da ita. Su ba su ci ba, su ba su janye ba, haka za a yi shekara ashirin, talatin, hamsin. Ku ɗauka ɓera ne ya shiga rumbu, masu gida suka kewaye suna ta dukan rumbun da taɓarya dare da rana. Ɓera na nan abinsa, rumbun ne ke tsagewa. Wannan daɗaɗɗen kumburi shi ke raunana bango har asid ya samu hanya ya yi gyambo, a wasu kuma, bayan shekaru masu yawa, ya rikiɗe ya zama sankara.

Daga nan ne binciken mutanen biyu ya tsallaka daga fannin ciwon ciki ya shiga fannin garkuwar jiki. Akwai wata irin sankara da ba ta cika yawa ba, wadda ke tasowa daga su mayaƙan garkuwar da suka taru a bangon tumbi suka ƙi watsewa. A 1993 wasu likitoci daga Ingila da Italiya suka ba mutum shida masu irin wannan sankara maganin kashe ƙwayar kawai, a biyar daga cikinsu sankarar ta janye. Sankara fa, da maganin da ake sha a gida. Yau haka ake fara yi wa irinta in an gano ta da wuri. Amma kuma wannan wayon nata na zille wa garkuwa shi ya sa har yanzu babu rigakafinta a kasuwa, duk da shekarun da aka kwashe ana nema.

To ina ruwan Bahaushe da abin da ya faru a Perth? Ruwa kuwa har tsaki. Kusan rabin mutanen duniya na ɗauke da ƙwayar nan, kuma ta fi yawa a inda ake cunkoso a ɗaki ɗaya da ƙarancin tsabtataccen ruwa. Yawanci tun ana yara ake ɗaukarta a cikin gida, ta baki ko ta ruwa da abincin da ƙazanta ta taɓa. A farkon shekarun 1990 wani likitan tiyata ɗan Birtaniya, Chris Holcombe, wanda ya yi aiki a Jami'ar Maiduguri, ya gwada jinin jama'a a yankin ya tarar fiye da kashi 80 cikin ɗari sun haɗu da ita. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne, ga ƙwaya ta cika gari amma ga alama gyambo da sankarar tumbi ba su kai yadda ake zato ba. A 1992 ya rubuta maƙala a mujallar Gut ya kira abin da ɗaurin kan Afirka, kuma sunan ya bi duniya.

An yi ta kawo bayani. Wanda ya fi jan hankalina shi ne na shekarar 2000, inda wasu masu bincike a Amurka suka nuna a jikin ɓeraye cewa in akwai tsutsar ciki tare da irin wannan ƙwaya, garkuwar jiki kan sauya salon faɗanta ta sassauta, ɓarnar bangon tumbi ta ragu. Wato mai yiwuwa tsutsar da muke kuka da ita tana rage wa masu taɓaryar nan ƙarfin hannu. Wasu masanan kuma suka ce babu wani ɗaurin kai, ƙidaya ce ba mu da ita: mutum nawa ne a karkara ake zura wa tiyo a leƙa cikinsu, kuma mutum nawa ne ke mutuwa da ciwon ciki a binne su da azahar ba wanda ya rubuta sunan cutar? Ni dai zuciyata ta fi karkata ga na biyun, don na san yadda muke mutuwa. Ko ma dai wanne ne, abin lura shi ne sunan Maiduguri ya shiga wannan muhawara ta duniya tun 1992, amma mu da abin ya shafa labarin bai iso kunnenmu da harshenmu ba.

A jami'o'i, in za a auna nauyin malami, ƙirga ake yi: maƙala nawa ya buga, sau nawa wasu suka ambace shi a nasu rubutun. Ta wannan ma'auni Marshall ya wuce gaban a yi magana. A ƙasashen da suka ɗauki iliminsa, tiyatar yanke tumbi saboda gyambo, wadda a da take cikin ayyukan yau da kullum na likitocin fiɗa, ta zama abin da ba a cika yi ba. Amma ni ina ganin akwai wani ma'aunin da ya fi wannan tsanani, shi ne ko ilimin ya sauka har bakin tsohuwa a tsakar gida. A nan ne mu aka bar mu a baya. Kuma kada mu ɗauka mu kaɗai ne masu taurin kai. Ko a Amurka sai da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙaddamar da gangamin wayar da kai a 1997, saboda an tarar akasarin jama'a har lokacin damuwa suke ɗora wa laifi. Bambancin shi ne su sun tashi sun yi gangamin. Mu kuwa masu shiga ɗakunan matan aure da 'yan mata fiye da kowane jami'in lafiya, wato marubuta, tsohon zancen muke ƙara shafa wa mai.

Kada wani ya ce na ce iyayenmu ba su da lura. Suna da ita. Gaskiya ne mai gyambon bakin hanji ya fi jin ciwo in cikinsa ba komai, kuma yakan ji sauƙi in ya ci abinci, shi ya sa aka ɗauka yunwar ce ta haifar da shi. Gaskiya ne yaji na iya tayar wa wasu da ciwo, kuma tashin hankali na iya tsananta shi. Amma mai tayar da ciwo daban, mai dasa shi daban. Madarar da Yaya ke sha ma takan kwantar na ɗan lokaci ne, daga baya ta sa tumbi ya ƙara zubo asid. Haka kuma ba duk mai ƙwayar ne zai yi gyambo ba, kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ne ke yi, masu sankara kuwa ba su kai haka ba ko kusa. Sannan ba duk zafin ƙirji da ƙwarnafi ne olsa ba, da yawan waɗanda ke cewa suna da ita in aka leƙa ba a ganin gyambo. Mun mayar da kalmar tamkar buhun da ake zuba kowane ciwon ciki.

Akwai kuma mai laifi na biyu da ba na jin na taɓa gani a wani littafi, alhali yana cikin aljihun kowane lebura da ɗan acaba: magungunan ciwon jiki irin su asfirin, ibuprofen, diclofenac da piroxicam. Mutum ya wuni yana dako, da yamma ya tsaya wurin mai tallar magani a faranti a haɗa masa guda uku ko huɗu ya watsa a cikin da ba komai, gobe ma haka. Waɗannan suna cinye kariyar bangon tumbi kai tsaye, kuma bayan ƙwayar nan su ne kan gaba wajen jawo gyambo, har da mai zubar da jini. In ƙwayar da su suka haɗu a ciki ɗaya, haɗarin ya ninka.

Ko a wajen gwaji akwai inda ake tuntuɓe. Da yawa gwajin jini ake yi musu, alhali shi jini shaidar da garkuwar jiki ta ajiye yake nunawa, wato cewa an taɓa haɗuwa da ƙwayar, kuma shaidar kan daɗe ko bayan an kashe ta. Sai ka ga mutum ya sha magani ya warke, ya koma gwajin jini a ce masa har yanzu tana nan, ya sake ɗibar wani maganin a banza. Gwajin bayan gida ko na numfashi su ke nuna ko tana raye a yanzu, kuma maganin rage asid irin omeprazole kan ɓoye ta, shi ya sa likitan Yaya ya ce ta ajiye shi tukuna. Ba kuma ina cewa kowa ya ruga kemis ya haɗa wa kansa ba. Yadda muke shan Flagyl kamar gyaɗa duk sanda ciki ya murɗa ya sa ƙwayar ta saba da shi a wurare da yawa na Afirka, kuma wanda ya sha rabin magani ya ajiye, horar da ita ya yi. Wanda kuwa ya ga aman jini, ko bayan gida baƙi ƙirin kamar kwalta, ko rama ba dalili, ko abinci na tsaya masa a wuya, wannan ba maganar kwalba a jaka ba ce, asibiti zai nufa a ranar.

Na san abin da wasu 'yan uwa marubuta za su ce: labari muke rubutawa, ba darasin kiwon lafiya ba, kuma ƙwayar cuta ba ta sa Alhaji ya yi nadama. Na yarda ba a son littafi ya koma allo. Amma ai mukan tashi takanas mu tambayi yadda ake ɗaura aure a kotu, ko sunayen unguwannin Dubai da jarumarmu za ta je sayayya, don kada a yi mana dariya. Me ya sa sai a bakin likita ne muke sakin jiki mu rubuta abin da muka ji a gidan biki? Mai karatu ba ta zuwa ta binciki maganar likitan littafi, ɗauka take ta ajiye, ranar da cikinta ya fara zafi ita za ta tuno. Ta ce tunani ne, ta ce mijinta ne, ta ce kishiya ce, ta sayi kwalba. In ana son jaruma ta faɗi don uba ya saduda, yunwar kwana uku kaɗai ta isa ta kayar da mutum, ba sai an laƙaba mata olsa ba. In kuwa ana son olsar, to ga labari nan da ba a taɓa ba: matar da aka yi shekaru ana gaba da kishiyarta a kan ciwon da tun tana 'yar shekara biyar ta ɗauko shi a gidan ubanta.

Ranar da na yi wa Inna wannan bayani, na ce mata mai yiwuwa ma a randar gidanmu Yaya ta sha abin, kuma ba mamaki ni da ita Innar duk muna ɗauke da shi. Ta yi shiru tana jan carbi, can ta ce, "To, Allah Ya kyauta. Amma dai yarinyar nan ba ta da kirki." Ban ja da ita ba. Da sallar da ta wuce dai na ga ta zuba wa amaryar nama a kwano da hannunta, har da ƙarin tsoka biyu. Yaya kuwa ta koma cin ɗanwakenta, sai dai har yau in aka miƙo mata yaji takan janye kwanon, ta ce hannunta ne ya saba.